Shekarar da Na Buɗe wa Sarkina Ƙofa

Da aka turo ni Belbeji koyar da lissafi a kwalej, cikin kayan da na ɗauro bisa mota daga Damagaram har da allon eshek, wato darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki. Wata huɗu allon yana jingine a bayan ƙofa. Na kai shi ɗakin malamai, suka ce su kati suke yi. Na kai shi gindin aduwa inda dattawa ke dara, wani ya ɗauki doki ya jujjuya, ya tambaye ni ko kayan wasan yarana ne. Na kwashe kayana na komo gida.

Tunkiyar maiɗakina ce ta samo mini abokin wasa. Kwana biyu ba ta cin komai, cikinta ya kumbura, maƙwabta suka ce a kira tsohon malamin dabbobi. Ya daɗe da ajiye aikin gwamnati, amma har lokacin duk wanda akuyarsa ta yi tari shi yake nema. Ya zo, dogo siriri, da jakar fata a rataye. Ya ɗura wa tunkiyar magani, ya wanke hannu, sai idonsa ya kai kan allon, wanda na shimfiɗa bisa tabarma ina wasa ni kaɗai.

"Mushe, wa ke cin wani, kai ko kai?" in ji shi. Mushe, haka ake kiran malamin boko a nan.

"Baba, ka san wasan ne?"

"Na ɗan taɓa."

Ya zauna, ya juya allon, farare suka koma gabansa. A wannan wasa mai farare ne ke fara motsi, shi ya sa ko'ina a duniya ake karɓa-karɓa, yau kai gobe ni. Na bari a ranar don baƙo ne. Kashegari da na je ƙofar gidansa na miƙa hannu zan juya allon, sai ya dafe shi.

"Ka taɓa riga ni sa hannu a kwano?"

"A'a, Baba."

"To, nan ma haka."

Tun daga ranar na zama mai baƙaƙe, allon kuma ya zauna a wurinsa. Kullum bayan la'asar, in na tashi daga lakwal, sai in tarar da shi a rumfar ƙofar gidansa, kusa da kasuwar dabbobi, ya riga ya jera kayan. Shi ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da muke kira. Na kusurwa ya ce rumbuna ne, don kamarsu ɗaya da rumbun hatsi. Mai tafiya a karkace muka bar masa sunan da Faransawa suka sa masa, mahaukaci. Ƙananan da ke jere a gaba kuwa sojoji. Na uku a rumfar wani Ba'abzine ne mai fataucin raƙuma, abokinsa tun suna samari, wanda ke dafa mana shayi. Bai san wasan ba, bai kuma nemi ya sani ba. Dawaki kawai yake bi da ido, ko na wane ne, in aka cinye ɗaya ya yi tsaki a bayan rawaninsa.

Ba yawan cin da tsohon ke yi mini ne ya dame ni ba, yadda yake cin ne. Motsinsa na fari bai taɓa sakewa ba: sojan gaban sarauniya, taki biyu. Sai ya fito da mahaukaci guda. Sai soja nan, soja can, har su tsaya su uku kamar duwatsun murhu. Sai ya kai sarkinsa kusurwa ya rufe. Daga nan ba abin da yake yi. Ba ya kawo hari, ba ya barin kafa. Zai zauna yana jira har in gaji in yi wani motsi na ganganci, ya ɗauke mini soja ɗaya tak. Sai ya shiga musaya, doki da doki, rumbu da rumbu, har allon ya zama fili, sannan ya kora sojan nan nasa guda zuwa ƙarshen allo a hankali, kamar mai kai jaki rijiya.

Ga daɗewa. Motsin da ya yi jiya da shekaranjiya, yau ma sai ya yi masa tunani. Zai ɗaga hannu ya kai bisa mahaukaci, yatsu suna reto, in ce yanzu zai taɓa, sai ya janye ya ɗauki finjalin shayi. Yana tunanin kuma yana ba ni labarin yadda suka bi daji suna yi wa shanu allura a bisa raƙumi, da irin ƙwayar da ke shiga huhun saniya. A shekarar nan na san ciwon dabbobi fiye da yadda na san ɗalibaina.

Wata rana na ce, "Baba, ba ka gajiya da wannan soja? Akwai wasu bakwai."

"Ya taɓa cutata?"

"A'a."

"To, don me zan bar shi?"

Da hutun damina ya zo muka tafi Damagaram wajen iyayena. A can rezo, wato sabis ɗin waya, yana da ƙarfi, waya tana buɗe komai. Na rubuta da Faransanci: yaya ake kai wa mai fara wasa da sojan gaban sarauniya hari. Sai ga wani Bature a gaban allo, yana magana da sauri yana ta zana kibiyoyi. Ya ce in ka gaji da a riƙa shaƙe ka a hankali, to tun motsin fari ka tura sojan da ke gaban mahaukacin gefen sarkinka, taki biyu. Daga nan sauran sojojin gefen su bi shi, doki ya tsaya tsakiya, sarauniya da rumbu su zagayo, a faɗa wa sarkin farare a kusurwarsa. Ya nuna wasa uku, duk baƙaƙe suka ci, ana ta sadaukar da dawaki. Na ji kamar da ni kaɗai yake.

Darasin kashi uku ne. Na kalli na fari sau biyar, na cika rabin kaye, wato littafin rubutu, da abin da ya faɗa. Na biyu da na uku, inda ya ce zai nuna haɗarin abin, na ce sai na sami lokaci. Maiɗakina ta leƙa kayen ta ga kibiyoyi.

"Malam, wannan na aji nawa ne?"

"Na Baba ne."

"Mutumin da ya warkar mini da tunkiya kake shirya wa wannan duka?"

Muka komo Belbeji ana yankan hatsi. Ranar farko na tarar da su a rumfa, tsohon ya jera kaya, Ba'abzinen yana fifita gawayi. Muka gaisa, aka tambayi mutanen Damagaram. Ya yi tunaninsa na banza, ya tura sojan gaban sarauniya. Ni kuwa, ban ko numfasa ba, na tura sojan gaban mahaukaci, na buga shi a allo har sai da ya yi ƙara.

Tsohon ya dubi sojan, ya dube ni.

"Hannunka ne ya kuɓuce? Mayar, ba komai."

"Da gangan na yi, Baba."

"Ka san ƙofar sarkinka ce wannan ka buɗe?"

"Na sani."

Ya fito da mahaukacinsa kamar kullum, sai dai ya ƙara masa gida ɗaya gaba, har ya shigo ɓangarena. Na ce a raina, ga nama ya kawo kansa. Na tura soja na kore shi, ya ja baya. Na tura wani, ya ƙara ja. Na tura na uku na rufe masa hanya, ba shi da sauran wurin zuwa. Tsohon bai ko dube shi ba, ya ɗan gusa wani ƙaramin soja gida ɗaya, kamar wanda bai ga abin da ke faruwa ba. Na cafke mahaukacin, na ajiye shi a gefen tire na shayi inda kowa zai gani.

Sai ya ɗauki sarauniyarsa, wannan karon ba wani reto, ya zuro ta a karkace har bakin allo. Sojoji ukun da za su kare sarkina duk na tura su farautar mahaukaci. Hagu da dama kayana sun toshe shi. Ba wurin gudu, ba abin tarewa.

"Mat," in ji shi, wato sarkina ya mutu.

Motsi shida. Ruwan shayin fari bai ma tafasa ba. Ba'abzinen ya ɗago kai ya ga muna sake jera kaya.

"Har kun gama? Dawakin ba su fita ba fa."

"Mushe yana sauri yau," in ji tsohon.

Mai hankali da ya bar abin daga nan. Ni kuwa kashegari na sake tura sojan, da jibi, da gata. Na daina korar mahaukaci, sai ya ɓullo mini ta wata hanya. Wata rana ya ba ni sojan gaban sarkinsa kyauta tun motsi na biyu, na karɓa, kafin in fito da doki guda kayansa duk sun fito sun yi mini zobe. Wata rana na tura sojoji na kai har bakin ƙofarsa, na waiwaya na tarar ya shigo ta tsakiya ya cinye mini rumbu. A da ina shan kashi cikin awa biyu. Yanzu ina sha cikin minti ashirin, har a sami lokacin yin na biyu da na uku. Wato abin da na samo daga Damagaram shi ne ƙarin yawan kayen da ake yi mini a yini.

Abin haushin kuma, ba ya dariya. Da zai yi dariya da na sami abin riƙewa. Sai dai ya girgiza kai yadda yake yi in an kawo masa akuya bayan ta riga ta galabaita.

"Wa ya koya maka wannan wasan 'yan tasha?"

"Manyan 'yan wasan duniya suna yin sa, Baba."

"Su ma haka ake yi musu?"

A gida ma ban tsira ba. Maiɗakina ta koyi gane sakamako daga yadda nake jingine moto, wato babur ɗina. In ta ji ƙarar ƙarfe da bango, sai ta ce wa yara su shiga ɗaki. Wata rana ina cin tuwo ina jera ƙwallayen dabino bisa tabarma, ta ce, "Malam, ka koma irin na da mana. Ko ba ka ci ba, ai kana dawowa da fara'a."

"Da ma ba da fara'a nake dawowa ba. Gajiya ce."

Dole na koma ga kashi na biyu da na uku. A Belbeji rezo ba ya jan bidiyo sai a kan wani tudu bayan gari, shi ma sai ya ga dama. Ranar Lahadi da hantsi na hau tudun na ɗaga waya sama, Baturen ya buɗe baki ya tsaya cak, wata 'yar ƙawanya tana ta juyawa a kan hancinsa. Lahadi uku na yi kafin in sauke darasin. Abin da ya fara nunawa a kashi na biyu shi ne tarkon mahaukacin nan, motsi shida, daidai yadda aka yi mini. Har ya ce ba wanda ke faɗawa cikinsa sai sabon shiga. Na kashe wayar na sauko daga tudun.

Amma na koyi abin. Ashe kafin a kai hari sai an yi gini. A fito da doki tukuna, a kai sarki kusurwa, a jera sojoji huɗu su zama katanga a tsakiya, sannan a dasa doki a gaban katangar inda ba mai iya korarsa. Sai bayan wannan duka ake zagayo da rumbu. Haƙurin da na gudu daga gare shi, shi na tarar yana jirana a nan ma.

Wasanninmu suka fara tsawo. Ina dai faɗuwa, amma sai an yi gumi. Na lura tsohon ya daina labarin huhun shanu. Wata rana ya shiga gida ya fito da tabarau, abin da ban taɓa ganinsa da shi ba. Sau biyu muka yi kunnen doki, duk biyun ya ce kiran sallar magariba ne ya cece ni.

Sai wata Laraba, cikin sanyi, da muka fara tun bayan azahar, komai ya zauna yadda Baturen ya zana. Katangata ta tsaya, dokina ya kafu a tsakiya, rumbu ya hau ya zagayo, sarauniya ta tsaya a gabansa, su biyu suna kallon ƙofar sarkinsa. Soja ɗaya ne ya rage a bakin ƙofar. Na ƙirga sau uku, na ɗauki dokina na cinye sojan, na bar dokin a inda za a cinye shi. Ba'abzinen ya yi tsaki tun kafin a taɓa shi.

Tsohon ya gyara tabarau. Ya kai hannu, ya janye. Ya sha shayi. Ya sake kai hannu. In ya ci dokin ƙofa ta buɗe, in bai ci ba na ci masa ƙari. Na san ya gani, shi ma ya san na san ya gani. Muna cikin haka sai ga wani Bafillace ya yi sallama, sanda a kafaɗa, yana haki. Saniyarsa tana naƙuda tun safe, ɗan ya juye, ƙafa ɗaya kawai ta fito.

Ban taɓa ganin dattijo ya miƙe da sauri irin haka ba.

"Mushe, tada moto."

"Baba, motsi ɗaya fa. Ka yi motsinka mu tafi."

"Rai ne a can, kana maganar katako?"

Na dubi allon, na dubi awakin da ke yawo a bakin rumfar. Ba'abzinen ya tashi, ya shiga gidan ya fito da babban daro na wanki, ya kife a kan allon, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa.

"Ku je," in ji shi. "Ina son in ga abin da zai sami dokin nan."

Muka hau mu uku, ni da tsohon da Bafillacen, muka nausa cikin yashi, sau biyu muna sauka muna turawa. A rugar aka ba ni aikin riƙe wutsiya. Tsohon ya tuɓe riga, ya shafa sabulu har kafaɗa, ya zura hannu. Yana lalube yana ba ni umurni, ɗaga, sassauta, ba haka ba, kai wane irin malami ne. Saniyar ta yi mini abin da ta yi a kan wandon da nake zuwa aji da shi. Da ƙyar ya juyo da ɗan, aka ɗaura igiya muka ja, maraƙi ya faɗo yana atishawa. Gaskiya na ji daɗi, har na manta da allon na ɗan lokaci. Aka ba mu nono mai ɗumi muka sha, muka kamo hanya.

Rana tana gab da faɗuwa muka iso. Ba'abzinen yana nan inda muka bar shi, ƙafa a kan daro. Aka ɗaga. Tsohon ya zauna ya duƙa a kan allon.

"Wannan sojan nawa ba a nan yake ba."

"Nan yake, Baba."

"Daron ya gusa shi."

"Ba abin da ya gusa," in ji Ba'abzinen. "Ni ban san wasanku ba, amma na san inda kowace dabba take tsaye in na bar ta."

Tsohon ya harare shi, ya ci dokin. Sarauniyata ta shiga. Sarkinsa ya gudu gida ɗaya, na bi shi, ya ƙara ɗaya, rumbu ya sauko. Na buɗe baki in faɗi kalmar da na yi wata da watanni ina ajiye da ita, sai ya riga ni. Ya kwantar da sarkinsa da yatsa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdu lillahi. Wahalata ba ta tafi a banza ba."

"Wace wahala, Baba?"

"Shekara guda da rabi ina koya maka haƙuri. Ka ga yau da ka gina katanga kafin ka yi hauka? Wa ya nuna maka?"

Na ce wani Bature ne a waya. Ya ce Baturen ya zo rumfar nan ya zauna da ni kullum? Kafin ranar kasuwa labari ya zagaya. Mahauci ya tare ni ya ce ya ji Baba ya yaye ni. Daraktan kwalej ya ce in riƙe tsohon nan da kyau, irinsu ba su da yawa. Ba wanda ya ce mini barka. Shi ake ta yi wa.

Na haɗiye. Na ce ba komai, yanzu na san hanya, gobe ma in ci, jibi ma in ci, mu ga ko zai ci gaba da godiya. Na je rumfa da wuri, har na riga shi jera kaya. Ya fito, ya zauna, ya yi bisimilla. Hannunsa ya tafi bisa sojan gaban sarauniya, ya yi reto, nawa hannun kuma yana bisa sojana yana jira. Sai ya gusa gefe ya tura sojan gaban sarki, taki biyu.

Duk abin da ke cikin kayena na maganin sojan sarauniya ne. A kan wannan ban san komai ba.

"Baba, mene ne haka?"

"Ai da wannan na fara tun ina saurayi. Likita ne ya ce in rage abin da ke tada mini jini, shi ya sa na bar shi."

"To, yanzu jinin fa?"

"Ya sauka."

Ya fito da dawaki biyu da mahaukaci kamar an kore su, ya ba ni soja, ya ba ni doki, ya yi mini mat kafin shayi na biyu. A hanyar gida na tsaya shagon bakin tasha na sayi sabon kaye mai shafi ɗari biyu. Mai shagon ya tambaye ni ko an ƙara mini aji ne, na ce masa e.